Yadda Maigidana Ya Koyi Numfashi Bayan Ya Yi Furfura

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma gode masa da ya nuna mana sauƙin wannan jinya. Na daɗe ina cewa zan rubuta abin da ya same mu. Ba don yana da daɗin tunawa ba, sai don na san a yanzu haka akwai wata mata zaune a bencin asibiti da kati a hannu, mijinta yana gefe dafe da ƙirji, an ce musu lafiyarsa lau, ita kuma ta rasa wanda za ta gaskata. Idan rubutun ya yi kama da mita a yi min uzuri. Mitar ma tana cikin jinyar.

Sunana Yagana. A Rijiyar Lemo muke zaune, ni da maigidana Malam Modu da 'ya'yanmu da mahaifiyarsa, Hajiya. Kakanninmu daga Barno suka zo, amma mu duk a Fagge aka haife mu. Sana'ata turaren wuta da humra, a wajen mahaifiyata na koya. Shi kuwa shagon kekunan ɗinki da kayan gyaransu yake da shi a Sabon Gari, wanda suka riƙe tare da wansa, Yaya Bukar, tun suna samari. A cikin shagon nan Yaya Bukar ya rasu, da rana tsaka, ba jinya ba komai. Aka yi zaman makoki aka watse, Abban Falmata, haka nake kiran maigidan, ya koma kasuwa. Ko ɗigon hawaye ban gani a idonsa ba. Mutane suka yi ta yabon tawakkalinsa. Ni ma na yaba.

Bayan 'yan watanni, wata safiya ina tsakar gida ina jiƙa itacen turare, sai wayata ta yi ƙara. Lambarsa ce, amma muryar wani ce.

“Hajiya, ni mai adaidaita ne. Mai wayar nan ba shi da lafiya, muna mahaɗar Bata cunkoso ya riƙe mu. Ya ce a kira ki, yana ta kalmar shahada.”

Ban san yadda na saka hijabi ba. Daga baya na lura a baibai na saka shi. Kafin na isa sun kai shi asibiti, na same shi a kan benci rigarsa sharkaf da gumi, yana numfashi sama-sama kamar wanda aka biyo da gudu. Ya ce ƙirjinsa ya ɗaure, zuciyarsa tana dukan uku-uku, yatsunsa sun ƙage, leɓensa ya yi nauyi. Ya riƙe hannuna ya fara gaya min inda takardun gida suke da wanda zan ba wa amanar yara. Ina kuka ina ce masa ya yi shiru, yana cewa in saurara, lokaci ya ƙure.

Layi bai zo kanmu ba sai da azahar ta gabato. Kafin nan abin ya lafa. Mutumin da ya gama wasiyya ɗazu ya shiga ɗakin likita da ƙafarsa, har yana gyara hula. Likita ya auna shi, ya ce jininsa ya ɗan hau amma ba abin tsoro ba ne, ya rubuta mana gwaje-gwaje.

Satin nan gaba ɗaya a gwaji ya ƙare. Wanda bai taɓa bin layin asibitin gwamnati ba ba zai gane ba. Ka fito kafin gari ya gama wayewa, ka tarar da mutane sun riga ka. Ka bi layin kati, ka bi layin biya, ka bi layin ɗibar jini, sai ka iso gaba a ce mai yi ya fita, ko na'ura ta tsaya, a je waje a yi a kawo. Aka yi masa awon zuciya, aka liƙa masa wayoyi a ƙirji. Aka yi hoton ƙirji. Aka ɗebi jini har na fara tausayin hannunsa. Abin da na tara don sarin kayan turare duk a nan ya narke. Muka tattara takardun muka kai, likita ya duba ya ce, “Malam, zuciyarka lafiya lau, huhunka lafiya lau. Ka gode wa Allah, ka rage tunani.”

Na ce alhamdu lillahi har zuciyata. Na waiga na ga fuskar maigidan a murtuke. Muna fita ya ce, “Yaron nan bai san aikinsa ba. Yaya ma ai lafiyarsa lau har ranar da ya faɗi.”

A lokacin ban kama maganar ba. Haushi kawai na ji, mutum a yi masa albishir ya yi fushi.

Abin ya dawo, kuma ya riƙa dawowa. Ya zo masa yana cin abinci. Ya zo masa a masallacin Juma'a, a tsakiyar sahu, har sai da ya ratsa mutane ya fita ana huɗuba. Kowane zuwa sai mu kwashi jiki zuwa asibiti ko kyamis, kowane zuwa kuma kafin a gan mu ya wuce. Mai kyamis na bakin layinmu ya ce maleriya ce da taifot, ya haɗa masa allurai. Wani ma'aikacin jinya ɗan unguwarmu ya ce gyambon ciki ne yake taso masa ƙirji, aka hana shi yaji da tsami da mai, na koma dafa tukunya biyu. Wata maƙwabciya ta kawo abin shaƙa na masu asma, na ɗanta, ta ce ya gwada. Ya gwada, zuciyarsa ta ƙara gudu, muka sake komawa asibiti.

Daga nan 'yan dubiya suka karɓi aikin. Ni dai ban taɓa sanin danginmu suna da likitoci da yawa haka ba. Kowa ya zo da lemo ko ayaba sai ya zo da cuta tasa da magani nasa. Wannan ya ce iska ce ya gamu da ita a hanya. Wancan ya ce jifa ne daga kasuwa, ana so a raba shi da shagon. Wata gwaggonsa ta rufe shi da bargo ta tura masa kasko da garin magani a kai, mutumin da yake kukan numfashi ba ya isarsa, ya fito yana tari idonsa jajir. Aka kawo rubutu a galan, aka kawo saiwoyi, aka kawo zuma da tafarnuwa. Ba na raina addu'a, Allah ya sani, ni ma na yi ta tofa masa. Amma kowa ya ba da nasa ya tafi gida ya yi barci, ni ce mai jiƙawa da tacewa da lallashi, ni ce kuma mai amsa tambaya idan bai yi aiki ba.

Wanda ya fi ƙona min rai na Hajiya ne. Ta kira ni ɗakinta wata yamma ta ce, “Yagana, ni fa na yi nazari. Hayaƙin turaren nan naki ne ya cinye masa ƙirji.”

Na ce, “Hajiya, shekara nawa muna tare ina yin turaren nan? Kuma hoton ƙirji ya nuna ba komai.”

Ta ce, “Hoto ai ba ya nuna hayaƙi. Ki ajiye shi tukuna, rai ya fi sana'a.”

Me zan ce? Uwa ce, ta binne ɗa ɗaya, tana kallon na biyu yana dafe ƙirji. Na tattara tukwanena da kwalabena na kai ɗakin ajiya, ana gab da shiga lokacin bukukuwa. Matan da suka saba yi wa 'ya'yansu oda a wajena suka koma wajen wasu. Ciwon kuwa ko gezau. Ban ji wanda ya zo ya ce ashe ba turaren ba ne.

A wata na biyu ya daina zuwa kasuwa gaba ɗaya. Ya ce ba zai iya bi ta Bata ba, na ce ya zagaya, ya ce ba hanyar ba ce kawai. Shago ya zauna a rufe, ga namu bakunan, ga iyalin Yaya Bukar da su ma daga shagon ake ciyar da su. Ya daina jam'i sai a gida. Ya aika aka sayo masa na'urar awon jini, wadda ake ɗaurawa a dantse, wannan na'ura kuwa ta zame mana bala'i. Ya auna kafin ya ci, ya auna bayan ya ci. Idan ta nuna daidai ya ce batirinta ya yi sanyi. Idan ta ɗan hau ya kira ni in zo in gani, kamar wanda ya ci gasa. Ina wanke-wanke zai ƙwala min kira, in zo da kumfa a hannu, ya miƙo min wuyan hannunsa ya ce, “Taɓa ki ji, kamar tana tsallake.”

Zan faɗi gaskiya, akwai ranakun da na zarge shi da raki. Mutum yana ci, yana sha, yana jin labarai a rediyo, ya ce mutuwa yake. Amma idan abin ya taso na kalli idonsa, sai in san ba ƙarya yake ba. Ba wanda zai iya ƙirƙirar irin wannan tsoron. Sai in rasa da wa zan yi fushi, in ƙare a kan yara.

Ana haka Oga Emeka ya zo dubiya. Shi ne mai shagon da yake jikin namu, yana sayar da zare da allurai da kayan tela. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Ya zauna a falo ya saurari duk bayanin, bai katse ba. Da maigidan ya gama sai ya ce, “Malam Modu, yatsunka suna ƙagewa? Kana jin kamar ka fita da gudu, ko ina ne?”

Maigidan ya gyara zama ya ce, “Wa ya gaya maka?”

“Ba wanda ya gaya min. Ni ma na yi. Lokacin da ɗana ya yi hatsari a hanyar Kaduna, shi ya warke, ni na kwanta. Na zaga asibiti, na zaga coci, har ƙauyen iyayena aka kai ni. A ƙarshe wata likita ce ta taimake ni, a ɓangaren masu damuwa.”

“Wane ɓangare ne wannan?”

Oga Emeka ya ce, “Inda ake duba ƙwaƙwalwa.”

Shi ke nan hira ta mutu. Maigidan ya yi masa godiya a daƙile. Oga Emeka yana fita maigidan ya juyo kaina ya ce, “Kin ji ko? Maƙwabcin shekara da shekaru ya zo har gidana ya ce na haukace.” Hajiya ta ce a danginsu kaf ba mai taɓin hankali, kada wanda ya sake kawo maganar. Ni kuwa na bi Oga Emeka zaure na tambaye shi ranar da likitar take zama.

Na yi lallashi, na yi nasiha, na sa ƙaninsa ya yi magana, duk a banza. Ni kaina a lokacin na fara lalacewa. Ciwon kai ba ya sakina, na rame, abu kaɗan sai hawaye. Wata safiya ya kira ni taɓa hannu, na zo na tsaya a kansa ban taɓa ba. Na ce, “Abban Falmata, ni zan je wajen likitar nan don kaina, domin ni na kusa haukacewar. Ko ka raka ni, ko ka ba ni izini in tafi ni kaɗai, in sun riƙe ni a can ka nemi mai taɓa maka hannu.”

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce zai raka ni, amma a sani rakiya ce kawai. Ya saka hular sanyi ya ja ta har gira, a cikin zafin nan, wai kada wani ya gane shi. Da muka isa muka tarar da layi kamar na kowane ɓangare: malaman makaranta, 'yan kasuwa, mata da goyo, wani dattijo yana jan carbi. Ba mai ihu, ba mai sarƙa a ƙafa. A hankali na ga ya cire hular ya cusa a aljihu.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta saurare ni, ta auna ni, ta ce gajiya ce da rashin barci, ta tambayi abin da yake hana ni hutawa. Na nuna shi da baki na ce, “Ga shi nan zaune.” Na zaro takardun gwajinsa daga jaka, don da ma da su na taho. Ya harare ni, amma bai tashi ba.

Ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ta ce an kyauta da aka yi su, domin ciwon ƙirji ba a yi masa gangancin zato, sai an tabbatar zuciya lafiya take kafin a dubi wani wajen. Sannan ta ce, “Malam, yaushe ya fara?”

Ya faɗa.

“Kafin nan me ya faru a gidanku?”

Ya ce ba komai. Na ce wansa ya rasu. Ta ce, “Allah ya ji ƙansa. Kana ina lokacin?”

Ya ce yana wajen. Suna tsaye suna gardama a kan wani keke da aka dawo da shi, Yaya Bukar ya buɗe baki zai ba shi amsa, sai ya dafe ƙirji ya sulale. A kan cinyarsa ya cika. Ya ce tun daga ranar, duk sanda zuciyarsa ta ɗan motsa sai ya ga fuskar yayansa, ya ce to, nawa ya zo. Ni matarsa, da muke kwana ɗaki ɗaya, ban taɓa jin wannan ba. An dai ce min ya faɗi a shago. Tausayi ya kama ni, haushi ma ya kama ni. Wata nawa muna yawo, ana ɗora wa turarena laifi, ashe abin yana cikinsa ya ƙulle.

Likitar ta ce abin da yake damunsa firgici ne, kuma ciwo ne na gaske, ba raki ba, ba hauka ba. Maganarta da ta zauna min ita ce: “Tsoro yana sa ka numfashi da sauri, numfashi da sauri yana sa jiri da ƙagewar yatsu, su kuma su ƙara maka tsoro. A wajen numfashin za mu tsinke zagayen.” Ta rubuta masa ƙwaya, ta ce zai riƙa dawowa suna magana. Sannan ta tura kujerarta baya ta ce ya ɗora hannu ɗaya a ciki, ɗaya a ƙirji. Ya ja iska ta hanci a hankali har hannun cikin ya taso, na ƙirjin ya zauna. Ya ɗan riƙe. Ya sake ta ta baki sannu-sannu kamar mai hura koko mai zafi, fitar ta fi shigar tsawo. Ta ce ya zauna ya yi haka safe da yamma ko ba ya jin komai, hankalinsa a kan iskar kawai, tana shiga tana fita. Idan tunani ya zo kada ya yi kokawa da shi, ya bar shi ya wuce, ya dawo kan iskar. Ta ce sai jiki ya saba a lokacin lafiya sannan zai tuna a lokacin firgici. Ta ce ni ma in riƙa yi.

A adaidaita muna dawowa ya ce, “Numfashi. Mun bi layi tun safe don a koya min numfashi. Da me nake rayuwa tun da aka haife ni?”

Na ce, “Ai ka gwada na bargo da kasko, wannan ko tari ba ya sawa.”

A gida ma sai da aka yi taro a kai. Hajiya ta ce likitocin yanzu in sun rasa gane cuta sai su kama wasa da mutane. Wani kawunsa ya ce ya ji irin wannan zama na rufe ido bautar wasu mutane ce a ƙasashen waje, a yi hattara. Maigidan ya samu abin fakewa, ya ce ba zai yi ba sai ya tambaya. Na ce madalla, limamin layinmu yana nan. Liman ya zo ya ji bayani, ya sa aka gwada a gabansa, ya ce shi bai ga komai ba sai mutum yana shaƙar iskar da Allah ya hore masa. Ya ce ya yi bayan sallar asuba, in ya natsu ya ɗora da azkar ɗinsa, zai ma fi jin abin da yake faɗa.

Farkon yinsa abin takaici ne. Ya ɗauki abin kamar dambe. Ya zuƙi iska da ƙarfi har kafaɗunsa su taɓa kunne, ya riƙe har jijiyar wuya ta fito, ya fesar kamar tayar da ta fashe, sannan ya ce jiri yake ji, ba ya aiki. Ga gidanmu ba wajen natsuwa ba ne. Da ya rufe ido mai ruwa zai buga ƙofa, ko injin markaɗen maƙwabta ya tashi, ko yara su fara faɗa a kan takalmi. Ya buɗe ido ya daka musu tsawa, ya rufe ya ce, “Ina muka tsaya?” Ni kuma da nake zama gefensa don in ƙarfafa shi, ina yin kaɗan barci yake kwashe ni a zaune. Ya tashe ni ya ce, “Ke aka ce ki taya ni ko ki yi minshari?” Wallahi barcin da na fi jin daɗinsa ke nan a duk watannin.

Da muka koma likitar ta gyara masa. Ta ce ya daina cika ƙirji, kaɗan ya isa, a fitarwar aikin yake. Ta ce ƙarar gida ma ya bar ta ta wuce kamar tunani. Ta kuma ce a ba ta aron na'urar awon jinin. Ya ce a gida take. Na ce tana jakata. Wannan hararar har yau ina tuna ta.

Ba zan ce ga ranar da sauƙi ya fara ba. Na dai lura kiran taɓa hannu ya ragu. Na lura ya koma masallacin layi, yana tsayawa a sahun baya kusa da ƙofa. Wata rana muna cin abinci na ga ya ajiye cokali, goshinsa ya tsatso da gumi. Na miƙe zan ɗauko hijabi, ya ɗaga min hannu. Ya jingina da bango, ya ɗora tafinsa a ciki, ya fara hurawa. Idonsa yana kaina, tsoro fal a ciki. Na zauna na kama yi tare da shi, ina hurawa da ƙarfi don ya ji ya bi. Mun jima a haka. Sannan kafaɗunsa suka sauka. Ya ce, “Ya wuce.” Ya ja kwanon ya ci gaba da ci. Ni ce na kasa ƙarasa nawa.

Komawa shago ta fi komai wuya. Likitar ta ce kada ya jira sai tsoron ya ƙare, ya je da shi. Ya ce in raka shi, na raka shi. Oga Emeka ya taya mu ɗaga ƙofa, ƙura ta rufe kekunan, gizo-gizo ya yi saƙa a kan kanta. Maigidan ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon wani waje a ƙasa, tsakanin kanta da bango. Numfashinsa ya fara hawa. Ya zauna a kan benci ya ɗora hannu a ciki, ya ja, ya hura, ya ja, ya hura. A hurawa ta gaba sai kuka ya fito. Dattijo da furfura a gemu, a tsakiyar kasuwa, yana kuka kamar yaro yana kiran sunan yayansa. Oga Emeka ya janyo ƙofar ƙasa rabi, ya tsaya a waje yana sallamar masu leƙe, yana ce musu ana shara ne. Ni na zauna gefensa. Da ya gama ya wanke fuska da ruwan leda, ya ce in miƙo masa tsumma. Muka goge kekunan tare har la'asar.

A satin na fito da tukwanena, ban nemi shawarar kowa ba. Hajiya ta ga hayaƙi, daga baya ta aiko a ɗiba mata na ɗakinta.

Ga wanda yake cikin irin wannan hali, abin da zan ce kaɗan ne. Ciwon ƙirji a fara da asibiti, a yi gwajin, kada a zauna a gida ana hura iska alhali zuciya ce. Idan an tabbatar lafiya take kuma abin bai daina ba, kada a ji kunyar ɓangaren masu damuwa, mutane ne irinmu a layin. A tambayi marar lafiya abin da ya gani, ba abin da ya ci kawai ba. Mai jinya kuma a riƙa tambayarta ya jikinta. Ni ba wanda ya tambaye ni sai likitar nan, Allah ya saka mata da alheri, ita da Oga Emeka da mai adaidaitan da ban ko san sunansa ba.

Har yanzu abin yakan leƙo shi jefi-jefi, yana kuma zuwa ganin likita idan lokacinsa ya yi. Amma yana kasuwa, yana Juma'a, gidaje biyu suna ci. Idan aka tambayi Hajiya, rubutu ne ya warkar da shi. Gwaggo ta ce hayaƙinta ne ya yi aiki a hankali. Shi kuwa yanzu ya zama malamin numfashi. Tela ya zo sayen kayan gyaran keke sai an zaunar da shi an ɗora masa hannu a ciki. Na ji shi da kunnena yana gaya wa baƙi cewa shi da ma tun farko ya san abin daga tunani ne, shi ya sa ya nemi likitar da kansa.

Shekaranjiya gas ya ƙare ina tsakiyar tuƙa tuwo, bayan na yi kwana da kwanaki ina tuna masa. Na same shi a falo na fara faɗa. Ya dube ni cikin natsuwa, ya ɗaga hannu ya ce, “Yagana, zauna. Ja ta hanci, ki sake ta a hankali.”

Na zauna. Na ja ta hanci, na riƙe, na sake ta sannu-sannu yadda aka koya mana, har sai da na ji zuciyata ta kwanta sarai. Sannan, cikin kwanciyar hankali, ba tare da na manta ko ɗaya ba, na gaya masa duk abin da na zo gaya masa. Ya tashi ya ɗauki tukunyar gas ya fita.